Masu Jiran Mota a Bakin Tudu

Ranar Litinin, uku ga watan Maris, aka yi laifin. Masu ba da wannan labari a bakin shaguna sukan fara shi daga yammacin da aka soma jifan gidan, wannan kuwa kuskure ne, tamkar a fara karatu daga tsakiyar shafi. Jifa daga baya ya zo. Abin da ya fara faruwa shi ne, wani mutum mai ilimi, mai kunya, wanda bai taɓa sa haƙƙin kowa a aljihunsa ba, ya zauna a ofishinsa a hukumar sufuri, ya kai hannu kan wani ɗigo guda a taswira, ya goge shi.

A unguwa Mai Taswira ake ce masa, domin shi ya zana layin dogayen motocin nan da suka haɗa tsakiyar gari da sababbin unguwanni da masana'antun bayan gari. Gaskiya dole a faɗe ta ko ana cikin fushi: garin yana bukatar layin. Gari ya kumbura, ya cinye gonaki, ya haye fadama. Ma'aikaci kan fita gida da duhu, ya isa wurin aiki rana ta take. Ƙananan motocin haya sun gaji, masu shigarsu sun fi su gajiya. Babu mai hankalin da ya ce kada a yi aikin.

Sai dai masu zuba jari sun kafa sharaɗi. Suna gina rukunin gidaje a ƙarshen layi, suna so su gaya wa masu saye cewa daga ƙofar gida zuwa tsakiyar gari tafiyar minti arba'in ce. Da aka auna, tafiya ta ɗan zarce. Kowace matsaya tana cin lokaci, saboda haka Darakta ya kira Mai Taswira ya ce, "A cire ɗaya. Ka zaɓi wadda ba za a dame mu da surutu a kanta ba."

Ya zaɓi bakin tudu. Wurin ba shago, ba rumfa, sai wani fili da ƙafafu suka daddaɓe a gefen titi, da 'yar hanya da ta zagaya bayan tudu zuwa wata tsohuwar unguwa ta masu lambu. Don a cika ƙa'ida ya tura masu ƙidayar fasinja, ya ce su tsaya daga hantsi zuwa azahar. Suka dawo suka ce ba su ga kowa ba. Da wannan amsa ya goge ɗigon.

Ya san abin da ya yi. Mutanen bayan tudu da asuba suke fita da kwandunan ganye, su dawo da almuru, wanda ya tsaya can da hantsi kuwa ƙadangaru kaɗai zai ƙirga. Ya sani, domin Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, a can take zaune. Ya kuma san wani abu bayan wannan. Marigayi mahaifinsa direban ƙaramar mota ne, a kan wannan hanya ya yi furfura. Tsofaffin direbobin hanyar suna da wata ɗabi'a da ba a rubuta ko'ina ba: a lodin almuru mai shiga gari, ko ba kowa a bakin tudu, sai a tsaya, a buɗe ƙofa, a yi sallama, a dakata kaɗan, sannan a rufe. Kujerar baya ta gefen hagu kuma ba a ba kowa ita. Ya taɓa tambayar dalili, uban ya ce, "Ba kowane fasinja ake gani ba. Kai dai ka yi karatu." Ya yi karatun. Motar nan ce ta biya.

Bayan damina aka buɗe layi. Aka hana ƙananan motoci bin hanyar, aka jera shingen kankare gefe da gefe, aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, aka ƙara wa Mai Taswira girma.

Yammacin da abin ya iso gidansa yammaci ne kamar kowanne. Rana ta yi ja a kan katanga. Matarsa tana kwashe shanya, Auta tana zaune a bakin baranda da littafinta, domin jarrabawar fita sakandare ta matso, yayyenta kuwa duk sun bar gida. Shi kuma yana kwance igiyar takalmi. Sai iska ta tsaya. Kajin maƙwabta suka yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun jininsa a kunne.

Kwas, kwas. Sau biyu a kan rufin kwano.

"Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya," in ji matar, ta leƙa waje. Layi fayau, ba kowa.

Tsakuwa biyu suka gangaro daga rufi, suka faɗo a gabansa. Ya ɗauki guda. Jar tsakuwa ce mai ɗumi, alhali duk ƙasar unguwarsu fara ce. Ya san inda ake samun jar tsakuwa. Ya kuma san wannan bugun, haka fasinja ke buga jikin mota in yana son a tsaya. Ya jefa ta cikin aljihu, ya ce, "Yara ne."

Kashegari da almuru aka sake, jibi ma haka. Ba a taɓa fasa gilashi ba, ba a taɓa samun kowa ba, bugu biyu ne kawai, a dakata, a sake. Daga nan sai muryoyi. Da rana ta faɗi, sai a ji kamar mutane sun taru a ƙofar gida: ana sauke kaya a ƙasa, wani tsoho yana tari, jinjiri yana ƙananan kuka ana jijjiga shi. Wata murya takan ce a hankali, "Har yanzu ba ta zo ba?" wata ta amsa, "Da saura." In an buɗe ƙofa, ba kowa, sai ƙasa a daddaɓe kamar an yini ana tsaye a kanta. Da an kira isha'i, komai ya ɗauke.

Maƙwabta suka daina bi ta gefen gidan da yamma. Mai shagon kan kwana, wanda ba a raba shi da tsokana, ya ce, "Mai Taswira, ashe har tasha ka zana wa kanka a gida? A sa mana benci mana." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba.

Matarsa ta tare shi a ɗaki. "Baban Auta, kalle ni. Akwai wanda ka taɓa?"

"Wa zan taɓa? Ni da takarda nake aiki."

"Takarda ba ta tari a ƙofar gida."

Ya juya mata baya. A nan ya kamata ya buɗe baki. Kuskuren farko a ofis aka yi shi, da Darakta a kansa. Na biyu kuwa shi kaɗai ya yi shi, a ɗakinsa, ba wanda ya matsa masa.

Ana haka wata yamma Auta ta rufe littafi, ta rataya jakar makaranta, ta fita ƙofar gida ta tsaya, fuskarta na kallon titi. Uwar ta kira, ba ta waiga ba. Ta kama hannunta ta ja, kamar ta ja turmin da aka binne. Uban ya zo ya rungumo ta zai ɗaga, yarinyar da ba ta kai buhun gero nauyi ba, ya kasa raba ƙafarta da ƙasa. Idanunta a buɗe, amma ba kowa a cikinsu.

Sai ta buɗe baki, wata kakkaurar murya ta fito, tana kiran wuraren tsayawa kamar yaron mota: mahauta, bakin gada, gidan ruwa, maƙera, tsohuwar kasuwa. Jerin tsohuwar hanya ne, wasu wuraren ma an rushe su tun ba a haife ta ba. Da ta zo ƙarshe ta ce, "Bakin tudu," ta yi shiru tana jira. Sannan ta sake daga farko.

Mai Taswira ya kasa kunne. Har yadda take jan "gidan ruwa" irin na mahaifinsa ne.

Bayan isha'i ta sulale ƙasa, ta farka tana tambayar wa ya sa mata jaka. Tun daga ranar, kullum haka. A asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce lafiyarta ƙalau, ta rage karatu. Abin kuma ya fara taɓa ta har da rana. Ta daina cin abinci sosai, ta daina gane rubutun hannunta. Wata safiya ta dube shi ta ce, "Baba, in na tsaya ɗin nan, ji nake akwai inda ya kamata in je, ana jirana, kuma na makara. Ina ne?" Ya ce bai sani ba. Ya tafi ofis, ya rufe ƙofa, ya buɗe taswira ya zuba wa farin wurin ido har aka tashi.

Ran nan da la'asar sai ga Gwaggo. Rabonta da gidan tun kafin a buɗe layi. Ta shigo tana dogara sanda, ƙafafunta sun kumbura, ƙura har gwiwa. Matar ta kawo ruwa a roba ta tsoma mata su.

"Gwaggo, da ƙafa? Ai da kin aiko na zo na ɗauke ki."

"In aiko wa? Tsuntsu?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Motarku mai sanyi tana wuce mu kamar an koro ta, mu ɗaga hannu, na ciki su ɗaga mana, su a ganinsu gaisuwa ce. Kafin mu taka zuwa matsayar gaba ganye ya yi yaushi, 'yan kasuwa su saya a wulaƙance. Masu lambu rabi sun bari. 'Yan matanmu uku sun daina zuwa makaranta. Shinge kuwa, ni da tsufana sai an ɗaga ni kamar akuya." Ta kurɓi ruwa. "Ana ta cewa wai wani ɗan boko ne ya ce ba mutane a wurin. Na ce Allah ya isa, da ɗan yayana yana kusa da bai bari ba."

Mai Taswira ya sunkuyar da kai. Matarsa ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

Almuru ya yi. Auta ta ɗauki jaka ta fita, muryar ta soma. Gwaggo ta saurara har aka zo bakin tudu, sai ta cire ƙafafunta daga ruwa a hankali. "La'ilaha illallahu," ta ce. "Ashe nan suka dawo. Mu dai mun ji wurin ya yi shiru." Ta juya ga matar. "'Yar nan, wannan ba na asibiti ba ne. A kira malam."

Malamin da aka kira dattijo ne mai tabarau, ya yi karatu mai zurfi, ba ya karɓar kaza, ba ya ƙona ƙaho, Alƙur'ani ne kawai da haƙuri. Kashegari ya iso kafin faɗuwar rana, yana yaba sabuwar mota. "Da can sai in yini a hanya, yau ko carbi ban gama ba na iso. Allah ya yi wa wanda ya zana ta albarka." Ba wanda ya amsa da amin.

Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa ta ciki, ya ce a bar ƙofar a buɗe. Rana ta faɗi. Iska ta tsaya. Aka buga rufi sau biyu, aka fara sauke kaya, tsohon nan ya yi tari. Auta ta zo ta wuce su ta tsaya. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba. Duhu yana sauka a kan katanga kaɗan-kaɗan. Can jerin wuraren ya tsinke a bakin gada. Yarinyar ta juyo, ba da wuya kaɗai ba, da jiki duka, kamar tsohuwa mai ciwon baya.

"Ya isa, Malam. Muna ji. Mu ma muna karantawa." Muryar tsohuwa ce yanzu, busasshiya, mai rarrabe kalmomi.

"Wace ce ke?"

"Fasinja."

"Me kike nema a jikin yarinyar mutane?"

"Mota muke jira. An ɗauke mana wurin tsayawa, muka bi zanen har muka iso hannun da ya yi shi. In ba a tsayawa a can, ai sai mu jira a nan."

Malam ya gyara tabarau. "Ku da ake cewa kuna keta duniya kafin ƙiftawar ido, me za ku yi da mota?"

Tsohuwar ta yi wata gajeriyar dariya. "Ku da ake cewa kuna da jirgin sama, kai a jirgi ka zo? Masu fiffike sun daɗe da barin wurin. Mu da muka rage tsofaffi ne da guragu da masu goyo. Garinku ya zo ya sha fadamarmu, muka matsa. Ya fasa rabin tudu ya yi tsakuwar gini, muka matsa, ba mu jefi kowa ba. Mahauta ta koma cikin gari, ƙashin da muke ci ya bi ta, muka ce to, mu ma mu shiga gari neman abinci kamar kowa. Direbobi suka san da mu, suka bar mana kujera guda. Guda ɗaya, Malam, mu duka. A tambaya, tun da ake tsayawa a wurin, motar wa ta taɓa faɗuwa a gangaren nan?"

"Ba a taɓa ba," in ji Gwaggo daga baya.

"An zalunce ku, na ji," in ji Malam. "Amma zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Yarinyar nan me ta yi?"

"'Yan mata ukun bayan tudu me suka yi?"

"Laifin wani ba ya halatta miki naki," in ji Malam. "Ki fita, ko in ci gaba da karatu har gari ya waye. Kin san ba za ki iya ba."

"Na sani. Zan ƙone, wata ta shiga. Layin masu jira da tsawo, leƙa ka gani." Aka ji kaya suna motsi a waje, jinjirin ya fara kuka. "Ba faɗa muka zo ba. Tambaya ɗaya muka zo da ita, ga mai amsa nan a bayanka yana ɓuya." Idanun yarinyar suka sauka a kan ubanta. "Ɗan direba. Kai ne kake zama a kan injin kana gyangyaɗi, ni nake riƙe maka kai kada ka bugi ƙarfe. Da ka tura masu ƙirga, wane lokaci ka ce su je?"

Mai Taswira ya dubi matarsa, ya dubi Gwaggo da kumburarrun ƙafafunta.

"Da hantsi," ya ce.

"Ba mu ji ba. Akwai kurame a cikinmu."

"Da hantsi na ce su je! Na san ba kowa a lokacin. Na san da asuba ake fita. Na san da Gwaggo, na san da ku. An ce in cire wadda ba za a yi surutu ba, na duba na ga ku ne ba ku da bakin da zai kai ofis."

Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe fuska, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Ya durƙusa a kan ƙasa a gaban 'yarsa. "Ku yafe mini. Ni na yi, ni za ku kama. Ku sake ta."

Tarin da ake ji a waje ya tsaya.

"Naka mun karɓa," in ji tsohuwar, "ko da yake a tsakar gida ka yi shi, a duhu. Amma kai hannu ne. Akwai bakin da ya ce a cire, akwai waɗanda suka yanke ƙyalle suna murmushi. A gaban jama'a aka ce babu mu. A gaban jama'a za a ce akwai mu. Su zo bakin tudu da almuru, su tsaya inda muke tsayawa, su ce sun yi kuskure, mota ta tsaya, a buɗe ƙofa. Ranar za mu tafi gaba ɗaya."

"Wannan ba a hannunsa yake ba," in ji Malam. "Ba a kama mutum da abin da ba ya iyawa. Ki sake ta yau."

"In mun sake ta duka, gobe ya manta. Mun san ku."

"Ba za ki riƙe hankalinta ba. Ba za ki riƙe harshenta ba. Ba za ki hana ta karatu ba, ke da bakinki kika kawo kukan masu makaranta."

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. "Ka iya ciniki, Malam. To. Kai nata ne, harshe nata ne, yini nata ne. Jifa ya ƙare. Amma ƙafafu, daga faɗuwar rana zuwa isha'i, namu ne. Mai jiran mota ba ya zama. Ta tsaya tare da mu har ranar da za a tsaya mana."

"Ban yarda ba," in ji Malam, ya ɗaga murya da karatu.

"Ba yardarka muka nema ba. Sai an jima, ɗan direba. Ubanka mutumin kirki ne."

Aka buga rufi sau ɗaya, irin bugun da ake yi wa direba ya ja mota. Aka ji ana ɗaukar kaya, takun ƙafafu masu yawa suka bi layi suka yi nisa. Auta ta ƙifta ido ta ce, "Mama, sauro na cizona." Uwar ta rungume ta tana kuka. Amma da aka ce ta shigo ciki, ƙafafun suka ƙi, sai da aka kira isha'i.

Malam ya yi mako yana zuwa. Daga ƙarshe ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Abin da ke jikinta ya fita. Wanda ya rage ba a jikinta yake ba, a ofishinku yake. Can kuma ban san ayar da suke ji ba."

Mai Taswira ya shiga wurin Darakta ya faɗi komai a tsaye: yadda aka yi ƙidayar, da masu lambu, da 'yan makaranta. Na aljanu ne kaɗai bai faɗa ba, da ya ga fuskar mutumin. Darakta ya saurara yana juya biro. "Ƙidaya ta ce ba kowa, kai ka sa hannu. Yanzu in fita in ce mun yi kuskure, masu jari su ji? Ka ɗauki hutu, ka gaji." Da ya sake tayar da maganar a taron manya, aka ɗauke shi daga zane aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori, inda ko taga babu.

Yanzu kullum kafin asuba yakan kai motarsa bakin tudu ta tsohuwar hanyar ƙasa, ya kwashi kwandunan da za ta iya ɗauka. Da almuru ya koma, ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya yi sallama, ya dakata. Kujerar baya ta hagu ba ya ba kowa, kuma waɗanda suka shiga sun shaida cewa motar takan ɗan nutse ta wannan gefen. Gwaggo ta fara amsa gaisuwarsa, a gajarce. Amma ƙaramar mota ɗaya ba ta ɗauke unguwa, kuma ba ita aka nema ba.

Auta ta rubuta jarrabawarta, ta ci. Tana raha, tana cin abinci. Sai dai duk wanda ya bi ta layin da faɗuwar rana zai gan ta a ƙofar gida a tsaye, ko ana ruwa, uwarta na riƙe mata lema. Wani lokaci tana karatu a tsayen. An ba ta gurbi a makarantar koyon jinya, ta kasa tafiya, domin ba a san a ƙofar wa za ta tsaya a can ba. In uban ya dawo daga bakin tudu yakan tarar da ita, ya tsaya kusa da ita har isha'i, ba ya iya haɗa ido da ita. Ita ce ma takan ce, "Baba, zauna mana, kai ai ba a hana ka ba." Bai taɓa zama ba.

Motocin suna tafiya a kan lokaci. Gidajen ƙarshen layi sun sayu, masana'antu sun ƙaru, ana ta yabo, yabon kuma ba ƙarya ba ne. Amma ko ɗan aji ɗaya ya san cewa wanda ya yi kuskure a kan allo, a kan allo yake gyarawa, ba a bayan aji ba. Wanda ya riƙe allin ya durƙusa ya amsa nasa. Saura wanda ya ba da umarni, da waɗanda suka sa sharaɗi, da waɗanda suka yanke ƙyalle. Ba a neman a tsige kowa, ba a neman diyya, ba a neman wasiƙar da za a tura a ɓoye. Darakta da manyan hukumar su fito bakin tudu da almuru, su tsaya a kan jar ƙasar nan da takalmansu masu ƙyalli, a gaban masu lambu da 'yan mata uku da duk wanda ke wurin, wanda ake gani da wanda ba a gani, su ɗaga murya yadda kurame za su ji, su ce: akwai mutane a nan, mun ce babu, ku yafe mana. Sannan mota ta tsaya, a buɗe ƙofa.

Su hanzarta. Yarinyar nan ta gaji da tsayuwa.